Askin Koton

Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma Garwa ta riga ta fara huci. Watan Afrilu ne, babu iskar da za ta kaɗa ko ganye ɗaya, kogin Binuwai kuwa ya janye ya bar yashi fari fat yana ƙyalli. A bakin garken shanun Alhaji Mahamman, can bayan gari, Thierry mai gadi yana tsugune a gindin darbejiya, yana kallon karensa kamar yau ya fara ganinsa.

Jiya da yamma ya yi masa aski.

Kafin jiyan, in ka hango Koton daga nesa sai ka ce tarin auduga aka sauke daga mota, da ma ma'anar sunan nasa ke nan da Faransanci. Kare ne na duwatsun ƙasar Turawa, irin wanda ake kiwo don tsaron tumaki. In ya miƙe, bayansa na taɓa ƙugun mutum, kansa kuwa kamar na ɗan maraƙi. Gashinsa hawa biyu ne, na sama dogo mai santsi, na ƙasa lallausa, cunkus, yatsa ba ya kai wa fata sai da lalube. Duk da girman nan ba shi da garaje. Maruƙa na lasar kunnensa, kaji na yawo a tsakanin ƙafafunsa, shi dai yana kwance yana lumshe ido. Amma bari baƙo ya doso shinge. Haushi ɗaya zai yi, daga can cikin ƙirji, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun ƙi tafiya.

Wani fadan coci mai suna Antoine ne ya kawo shi Tignère yana kwikwiyo, gonar mishan inda Thierry ke kiwon tumaki. Can kan tsaunuka akwai sanyi, da safe har hazo ke sauka. Fadan ya koya wa Thierry yadda ake taje shi da buroshin ƙarfe, a cire ƙarangiya, a duba kaska a bayan kunne. Ya kuma koya masa horo ba da sanda ba. Kalmomi biyu ne ginshiƙin horon: in an ce "Reste", ya tsaya inda yake, ba ya motsawa sai an ce "Viens". Irin wannan kare akwai taurin kai, sai da Thierry ya cinye damina guda da guntayen ganda a aljihu kafin abin ya zauna. Da ya zauna kuwa, ya zauna ke nan. Ba ya jin kalmar a bakin kowa sai a bakin Thierry.

Fada ya tsufa aka mayar da shi ƙasarsu, aka sayar da tumakin, kare kuwa ba wanda zai iya ci da shi. Sai Thierry ya gangaro da shi Garwa neman gadi. Alhaji Mahamman, dillalin shanu ne kuma mahauci, ya kalli karen daga nesa ya ce, "Shi na ɗauka aiki. Kai gyara ne."

Tun da zafi ya shigo Koton ya daina cin abinci sosai. Sai haki, sai tonon rami ya cusa cikinsa a ciki. Ranar nan Alhaji ya ce, "Kai ɗan dutse, wa ka taɓa gani da bargo biyu a Garwa? Mu da muke mutane ma ƙwal muke yi." Da wasa ya faɗa. Thierry kuwa ya yi ta juya maganar, ya ga ai gaskiya ce. Masu shagon aski duk suka kore shi da dariya, sai ya sayo almakashi da reza, ya zauna shi kaɗai ya kwashe gashin tas, har ya cika buhu.

Yanzu ga Koton nan, fatarsa jaja-jaja kamar ta ɗan ɓera sabon haihuwa, ya rage rabi, kan ne kawai da jela suka tsira.

Ƙarar moto mai ƙafa biyu ta tsaya a bakin shinge. Alhaji ya sauko, ya duba, ya riƙe ciki yana dariya.

"La ila! Thierry, ina ka kai ma'aikacina? Wannan tsohuwar tunkiyar fa ta wace ce?"

"Shi ne, Alaji. Ai kai ka ce."

"Ni na ce ka tuɓe shi tsirara? Ka nema masa wando mana, mata na wucewa ta nan."

Thierry ya yi murmushi, ya shafa wuyan karen. "Jiya ya ci tuwonsa duka. Ya ji iska."

"To madalla. Tashi, akwai aiki. Kamiyon da ta ɗauko mini shanu daga Touboro ta mace a hayin gada. Je ka taya masu kora ku iso da su da ƙafa. Kada ka tafi da dodon nan, shanun ba su san shi ba, watsewa za su yi. Ni na yi mayanka."

A garken akwai maruƙa, ba a barinsu ba mai tsaro. Thierry ya kai Koton inda inuwar darbejiya ta fi kauri, daidai bakin ƙofa, ya ajiye masa ruwa a kwano. Ya ɗaga tafin hannu ya ce, "Reste." Karen ya kwanta, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Thierry ya tafi, a ransa yanzun nan zai dawo.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Shanun sun sha wuya a mota, ƙishirwa ta haukata su. Ana sauke su wani bijimi ya tsinke igiya ya nufi yashi, sauran suka bi shi suna shinshinar ruwa. Aka yi ta tsere a cikin yashi mai ƙuna, a tare nan su ɓulle can. Thierry bai san rana ta yi tsaka ba sai da ya tsaya shan iska, ya duba ƙasa, ya ga inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafafunsa. Sai ya tuna da Koton. Darbejiyar garke ba ta da faɗi, kuma a gabas da ƙofa take. Da safe inuwarta na rufe bakin ƙofa. Da rana fa?

Sai wayarsa ta yi ƙara. Alhaji ne, muryarsa babu wasa a ciki.

"Thierry, karenka yana cikin rana tsamo-tsamo. Na dawo na same shi haka. Na kira shi, na jefa masa ƙashi cikin inuwa, kallona kawai yake. Na matsa, ya yi mini gurnani. Ga inuwar nan kusa da shi, wallahi ko jariri zai rarrafa ya kai. Me ka ce masa?"

"Alaji, buɗe muryar wayar, ka miƙa wajensa."

Thierry ya haɗa hannu a bakin waya ya ƙwala, "Koton! Viens! Viens, Koton!" Ya sake, ya sake, har masu kora suka juyo suna kallonsa.

"Ya ɗaga kunne," in ji Alhaji. "Yana kaɗa jela. Yana dube-dube, nemanka yake." Can ya ƙara da cewa, "Ya mayar da kai ƙasa."

Thierry ya yar da sandar kora ya ruga titi. Mai moton da ya samu yana ta ba shi labarin ƙwallo, shi kuwa bai ji ko kalma ɗaya ba.

Ya tarar da Koton daidai inda ya bar shi, ko juyawa bai yi ba. Kwanon ruwa ya bushe. Bayansa ya yi jawur, ya tattashi, ƙudaje sun taru a kai. Harshen ya zazzago ya yi duhu, yawu na zuba mai kauri. Alhaji yana tsaye gefe da lema a hannu, ya rasa yadda zai yi da ita.

"Viens," Thierry ya ce a hankali.

Karen ya yunƙura. Ƙafafun gaba suka miƙe, na baya suka ƙi. Ya ja jiki ya kai hancinsa kan takalmin Thierry, ya zube. Thierry ya rungumi ƙirjinsa ya ja shi cikin inuwa, fatar na ƙona masa hannu kamar murfin tukunya. Ya cire rigarsa ya tsoma a kwamin shanu ya shimfiɗa masa, ya sake tsomawa. Alhaji ya kira Madam Hortense, likitar dabbobin da ke duba masa shanu.

Ta iso da jakarta a bayan moto. Tana ganin karen ta tsaya cak.

"Mon Dieu. Wa ya yi masa wannan?"

"Ni ne, Madam. Zafi yake ji, shi ya sa."

Ta buɗe baki kamar za ta yi faɗa, ta kalli fuskarsa, ta fasa. Ta durƙusa ta ɗaga leɓen karen, ta nemi jijiya a ƙafa, ta rataya ledar ƙarin ruwa a reshe.

"Ƙanena, gashin nan shi ne inuwarsa," ta ce, ba ta ɗago ba. "Na sama ke tare rana. Na ƙasan ake tajewa a rage, iska ta samu hanya. Ba a aske su. Ba wanda ya taɓa gaya maka?"

"Can Tignère ba a yi zancen ba. Sanyi ne can."

Alhaji ya yi gyaran murya. "Madam, ni na fara faɗa, da wasa..."

"Hannuna ne ya riƙe reza, Alaji."

"Zai tashi?" Alhaji ya tambaya.

Ta ce zafin ya riga ya shiga ciki, ya taɓa ƙoda da hanji. Za a gwada dai. Ta zauna tare da su har ledar ta ƙare, ta sa wata. Can sai ta tattara kayanta, ta dafa kafaɗar Thierry, ta ce wata saniya na naƙuda a Pitoa, dole ta je.

Thierry ya ɗora kan karen a cinyarsa. Buroshin ƙarfen yana rataye a jikin shinge, ya miƙa hannu ya ɗauko, ya shiga taje ɗan gashin da ya rage a bayan kunnuwa, sannu sannu, yana yi masa magana da yaren garinsu. Yana ba shi labarin ciyawar Tignère, da raɓa, da cewa in damina ta sauka za su koma. Maruƙa suka taru a jikin shinge suna leƙe. Shanun Touboro suka iso da ƙurarsu da hayaniyarsu, aka shigar da su ta gefensa, Koton bai ko ɗaga kunne ba.

Ana kiran sallar la'asar ya yi wata shaƙuwa, jikinsa ya miƙe, ya saki. Thierry ya ci gaba da tajewa. Sai da ƙudaje suka fara sauka a kan idon, ido bai ƙifta ba, sannan ya ajiye buroshin.

Bai yi kuka ba. Ya ɗauko diga ya zaga bayan shinge. Masu kora na zaune suna cin abinci, ɗaya ya ce da Fulatanci a ja shi bakin yashi mana, ungulu su huta da yunwa, sauran suka yi dariya kaɗan suka bari. Thierry ya ɗaga diga ya sara. Ƙasar ta bushe ta zama kamar siminti, digar ta yi tsalle ta dawo, ɗan farin tabo kawai ta bari. Ya sake sara. Ramin da zai ɗauki Koton ba ƙarami ba ne, ga rana ta fara karkata. Ya yi ta sara har tafin hannunsa ya fashe, abin da ya tona bai fi kwanon sha ba. Ya durƙusa, ya jingina goshi a ƙotar digar, yana haki.

Ya ji taku a bayansa, bai juya ba. Alhaji Mahamman ne, ya naɗe hannun riga, yana ɗauke da jarka cike da ruwa. Ya zagayo gabansa, ya karkata bakin jarkar, ya bi faɗin wurin yana tsiyayawa a hankali, yana jira ƙasa ta shanye sannan ya ƙara. Da jarkar ta ƙare ya girgiza ta, ya juya ya koma wajen shanunsa.

Thierry ya miƙe, ya ɗaga diga. Wannan karon ta nutse.