Kofin da ke Kan Ƙusa

Tun da 'yata ta zama shugabar ƙungiya, gidanmu bai sake sanin shiru ba. Ɗaki biyu ne da tsakar gida wadda in ka shanya zani ta cika, amma nan ake taro, nan ake rubuta kwalaye, nan ake faɗa a shirya a sake faɗa. Ni shara nake yi a kasuwa, mijina kuma yasar kwata, aikin da ya gada wurin ubansa, uban ma gado ya yi. In na dawo da yamma, bayana kamar an daka a turmi, sai in tarar da samari baje a kan tabarmata suna gyara duniya. Ko ruwan randa ba sa rage mini.

Lasifika nake ce mata, don tun tana goye muryarta ke tsallake katanga. Ita ce ta ce daga yanzu kada wanda ya sake amsa sunan 'yan kwata, sunan da gari ya laƙaba wa unguwarmu kaf, har jaririn da bai taɓa ganin shebur ba. Wai Mabuɗa ne mu, tunda ranar da muka ajiye aiki gari toshewa yake yi. Na ce to, Allah ya sa sabon sunan ya zo da sabon baya. Ba wai ban yarda da ita ba ne. Gaskiya take faɗa, kuma ranar da suka tsaya suka hana a rushe layinmu, kukan daɗi na yi. Na gaji ne kawai, shi kuwa gajiyayye ko gaskiya aka kawo masa cewa yake a ajiye can tukuna.

Sai aka zo kan maganar kofi. A garin nan duk mai sayar da shayi yana da ƙusa a jikin bango ta waje, da kofi rataye a kai, namu ke nan. Kai za ka sauke shi, ka miƙa hannu, a tsiyaya maka daga sama ba tare da bakin buta ya taɓa ba. Ka sha a tsaye ko a tsugune a gindin bango, ka wanke a famfo, ka mayar inda ka ɗauko. Haka muka taso muka gani, ban taɓa jin wani ya ce doka ce ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya karya ba. Ƙungiya ta yanke cewa za a bi masu shayi ɗaya bayan ɗaya, a zauna a benci, a nemi kofin gilashi irin na kowa. Za a fara da mai shayin bakin tasha, kuma mijina ne zai zauna, don kowa ya san abokinsa ne.

Abota kam ta daɗe. Tun suna samari, mijina bai taɓa kama aiki bai biya ta wurinsa ba. Shi yana ce wa mai shayin Tumbi, mai shayin yana ce masa Sarkin Turare, su yi ta zagin juna ɗaya a ciki ɗaya a waje har shayin ya huce. Lokacin da murfin kwata ya karya wa mijina ƙafa, Tumbi har ƙofar gidanmu ya zo dubiya. Bai shigo ba, amma ya zo. Shi ya saya masa kofin silba mai hannu, ya kafa masa ƙusarsa daban, ba ya haɗawa da kowa. Mijina yana ba da labarin kofin nan kamar wanda aka yi wa kyautar gida.

Da aka gaya masa, ya ce a fara da wani wurin. Lasifika ta dafa ƙugu.

"Baba, in dai abokinka ne, mene ne abin tsoro?"

Ya ci gaba da ɗaure ƙotar sheburinsa da waya. Ni na san amsar. Mutumin nan aboki ɗaya gare shi a wajen unguwarmu, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa gwada abotar ba, don ba ya son ya san iya nauyin da za ta ɗauka. Na so in ce wa yarinyar ta ƙyale tsohon, amma in ba shi ba wa za ta tura? Uban wani?

Da safe ya sa rigarsa ta zuwa biki. Muka tafi, samari da kwalayensu a baya, ni a gefe da tsintsiyata don daga can kasuwa zan wuce. Da muka isa, mijina ya zauna a bakin benci, rabin jikinsa a iska. Direbobin da ke karyawa suka ja kwanukansu suka matsa ƙarshe. Tumbi ya fara murmushi zai yi tsokanar da ya saba, sai ya ga taro, ya ga wayoyi a sama ana ɗauka, murmushin ya tsaya a hanya. Mijina ya ce a ba shi shayi a gilashi, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Tumbi ya dube shi, ya dubi Lasifika, ya dubi direbobi. Sannan ya ɗauko gilashi ya zuba ya dire a kan tebur.

Bawan Allah bai san yadda ake riƙe shi ba. Ya kama ta tsakiya ya ƙone, ya sauya hannu, ya kurɓa da zafinsa har idonsa ya kawo ruwa. Ya shanye tas. Samari suka ɗau tafi, wata ta rangaɗa guɗa, Lasifika ta ɗaga hannu sama za ta fara jawabi.

Sai ya miƙe da gilashin, ya nufi famfo. Ya wanke shi ciki da waje, ya yarfe ruwan, ya je jikin bango ya ɗaga shi zai rataye. Gilashi ba shi da hannu. Ya tsaya yana jujjuya shi yana neman inda zai maƙala, duk wayoyin nan suna kansa. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ni ban ga wawa a wurin ba, mijina na gani, kuma tausayinsa ya kusa kayar da ni. Wani direba ya fashe da dariya har yana ƙwarewa. Na je na karɓi gilashin daga hannunsa na ajiye a tebur.

Lasifika dai Lasifika ce. Fuskarta ta yi kamar an watsa mata ruwan zafi, amma nan take ta juya abin, ta ce jama'a su gani da idonsu abin da aka mayar da iyayenmu. Ta ja taron suka yi gaba suna waƙa. Direbobi ma suka watse, aka bar mu mu uku.

Tumbi yana ta goge teburin da ba abin da ya zube a kai. Mijina ya matsa kusa.

"Tumbi, tsakaninka da Allah. Da ni kaɗai na zo, babu taro, na ce ka ba ni a gilashi, za ka ba ni?"

"Haba, Sarkin Turare, yau kuma..."

"Za ka ba ni?"

Tumbi ya ninke tsumman, ya warware, ya sake ninkewa.

"Kai ma ka sani," in ji shi.

Mijina ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin kaya. Ya yi masa sallama da ladabi, irin wadda ake yi wa baƙo, muka tafi. A mararraba ya yi gida don ya sauya riga, ni na yi kasuwa na share layin masu kifi ina jin haushin kowa, har da kifin.

Da yamma na tarar da shi zaune a ƙofar ɗaki yana wanke ƙafa. Samari ba su zo ba, ina jin kunya ce ta hana su. Lasifika ta shigo muryarta a dishe, ta tsaya a kansa, na ga bakinta cike da magana. Na yi mata ido, ta haɗiye. Ta ce masa dai an yi nasara, masu shayi da yawa sun cire ƙusoshinsu da kansu kafin a iso gare su. Ya ce madalla. Ya tambaye ta gobe ina suka nufa, ta ce shagon askin da ke bayan asibiti, wanda ba ya taɓa kan ɗan unguwarmu, sai dai har yanzu ba a sami wanda zai zauna a kujera ba.

Ya zubar da ruwan bahon, ya kife shi a jikin bango.

"Ku sa ni," ya ce. "Can ba ni da aboki."