Ƙarfen da Bai Amsa Sallama Ba

Taufiq bai iya haƙurin fita daga tashar motar Gashua ba. Nan gindin darbejiya ya tsuguna, ya sa haƙori ya yage salatif ɗin da aka naɗe kwalin da shi. Direban da ya kawo saƙon daga Kano yana tsaye a kansa, yana son ganin abin da aka hana shi sakat da waya a kai tun asuba.

"Malam, wai me ke ciki ne? Abu dogo kamar bindiga. Wallahi duk shingen da muka zo sai gabana ya faɗi."

"Sanda ce," in ji Taufiq.

"Sanda? Duk sandunan da ke kasuwar Gashua, sai an ɗauko maka wata daga uwa duniya?"

Taufiq ya zaro ta. Siririya ce, tana ɗaukar ido, mariƙinta baƙar roba, kanta kuma ƙarfe ne mai lanƙwasa, an buga masa lamba bakwai a gindi. Direba ya leƙa, ya taɓe baki, ya ce wannan ai ludayi ne aka yi wa doguwar ƙota, ya tafi neman fasinja.

Taufiq malamin lissafi ne a wata sakandare a Gashua, shekararsa talatin da takwas, kuma ko a mafarki bai taɓa taka filin golf ba, wasan nan da ake dukan 'yar ƙwallo da irin wannan sanda. Sandar don mahaifinsa ya saye ta, Baba Abbagana, wanda ke kwance a Nguru.

Kowa a unguwarsu ya san tarihin tsohon. Yana saurayi ya hau jirgin ƙasa daga Nguru, ya sauka Kano, ya yi shekara ashirin da shida a filin golf. Da farko jakar sanduna yake saɓa wa manya, daga baya ya zama shi ke gyara sandunan in sun samu matsala. Da ya dawo gida, abu ɗaya ya riƙo wanda ya fi so: sanda lamba bakwai, kyautar wani likita Bature da ya daɗe yana yi wa ɗaukar jaka. Babu fili a Nguru, babu ƙwallo, amma kowace Juma'a bayan an sauko sai ya ɗauko ta ya goge. Yakan rataye ta da yatsu biyu, ya ƙwanƙwasa kanta da zoben azurfarsa, ta yi wata 'yar ƙara siririya mai tsawo. Sai ya dubi yaransa ya ce, "Kun ji ko? Ƙarfen gaske, in ka yi masa sallama, amsawa yake yi."

Taufiq yana ɗan shekara goma sha biyar ya sace ta. Takalmin ƙwallo yake so, sai ya kai ta wurin wani mai sayen gwangwan a bayan tashar jirgi, aka ɗora a sikeli kamar kowane ruɓaɓɓen ƙarfe. Washegari mahaifinsa ya tsayar da shi a zaure.

"Taufiq, ka ga sandata?"

"Ban gani ba, Baba."

Tsohon ya dube shi, ya daɗe yana dubansa, ya wuce masallaci. Bai ƙara tayar da maganar ba. Da duka ya yi masa, da tuni an wuce wurin. Amma shirun nan shi ya bi Taufiq makaranta, ya bi shi ɗakin aure, shekara ashirin da uku ke nan.

Yanzu ga tsohon ido ya tafi, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinsa. Makon jiya likitoci suka ce a koma da shi gida a ci gaba da addu'a, kuma duk wanda ya taɓa jinya ya san fassarar wannan magana. Shi ya sa Taufiq ya duƙufa a kan wayarsa yana lalube, har ya faɗa wani shafi mai hotunan sanduna reras. Mai shafin, wanda Taufiq bai taɓa ganin fuskarsa ba, ya turo bidiyon wata mai lamba bakwai, ya rantse ta asali ce daga Ingila, kuma kuɗinta rabin na sauran. Taufiq ya san araha ba ta ado, ya sha faɗa wa ɗalibansa. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya tura kuɗi. Burinsa ɗaya ne: ya sa lamba bakwai a hannun mahaifinsa kafin ƙasa ta rufe masa ido, ko nauyin nan ya sauka.

Ya shiga motar Nguru, ya soke sandar tsakanin ƙafafunsa. Suna wuce Jajimaji wata tsohuwa da ke gefensa ta taɓo shi.

"Ɗan nan, abin naka yana ɓata maka riga."

Ya duba. Baƙin fenti ya yi layi a farar shaddarsa, daidai inda rubutun kan sandar ya goga. Ya sa babban yatsa ya murza sunan kamfanin, sai ga rabin harafi ya biyo yatsan. Ya ce wa kansa zafin mota ne, ai rana ma tana narka kwalta. Haka ya yi ta lallashin zuciyarsa har suka shiga Nguru.

Yana sauka ya raɓe bayan wata rumfar masu busasshen kifi, inda ba mai kula da shi. Ya rataye sandar da yatsu biyu, yadda ya ga ana yi yana yaro, ya ciro mukullin babur ɗinsa ya ƙwanƙwasa kanta.

Ƙwas.

Ya sake. Ƙwas, kamar an buga murfin tsohuwar langa. Ya girgiza ta a kusa da kunnensa, ya ji kan yana ɗan motsi a jikin ƙotar. Wanda ya kai wa ƙwallo duka da wannan, kan ne zai riga ƙwallon tashi, sai dai Allah ya tsare na kusa.

Ya kira lambar mai shafin, aka ce a kashe take. Ya buɗe inda suke hira, ya tarar hoton mutumin ya ɓace, saƙonsa ma ya ƙi tafiya. Ya nemi shafin sama da ƙasa, kamar ba a taɓa yin sa ba.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ya faɗa a hankali.

Ba kuɗin ne suka dame shi ba. Kafin a nemo wata a kawo, sai an yi kwana goma, kuma wa ya ba shi tabbacin kwana goma? Ya tari keke napep. Da suka zo wucewa ta tsohuwar tashar jirgi ya kawar da kai.

Ƙanwarsa Falmata, wadda ta baro gidan mijinta ta tare wurin jinya, ita ta tare shi a tsakar gida. Idanunta sun faɗa.

"Ya Taufiq, sannu da hanya. Tun safe yake tambaya ko ka iso. Ko kunu ya ƙi sha." Ta ga abin da ke hannunsa, ta dafe ƙirji. "Kai! Irin ta Baba! A ina ka samo?"

"Jabu ce, Falmata. An cuce ni."

Ta karɓa ta jujjuya. "Ni ban ga aibunta ba."

"Ba ta amsawa."

Ta gane nufinsa, don ita ma da wannan karatun ta tashi. Ta rage murya. "To ka ba shi hakanan mana. Mutumin da ba ya gani? Hannunsa ma rawa yake yi. Ka ce ta asali ce, ya ji daɗi. Wannan ƙaryar ko malamai ba za su kama ka da ita ba."

Ita ba ta san akwai wata ƙaryar a ƙasa ba, wadda za a ɗora wannan a kanta. Shi ya sani. Duk da haka maganar ta shige shi, don tana da sauƙi. Ya tsaya a ƙofar ɗakin yana shirya kalmomin a bakinsa: Baba, ga lamba bakwai na samo maka, daga Ingila. Ya yi sallama ya shiga.

Baba Abbagana yana jingine da matashi biyu. Ƙafafunsa sun kumbura, fuskarsa ta zabge, zoben azurfar nan ya yi wa yatsansa yawa har an naɗa masa zare don kada ya zame. Tausayi ya kama Taufiq, ya durƙusa a gaban gadon.

"Baba, ya jiki?"

"Jiki ya gode Allah. Ka iso? Ya yaran, ya uwarsu?"

"Suna gaishe ka. Baba, na zo maka da wani abu."

Ya ɗora masa sandar a tafin hannu. Yatsun tsohon suka rufe a kan robar, hagu a sama, dama a ƙasa, ɗan ƙaramin yatsa ya hau kan ɗan'uwansa, ba tare da lalube ba. Rawar hannun ta tsaya cak. Ya ɗaga ta kaɗan yana auna nauyinta. Ya bi ƙotar da yatsa har zuwa kai, ya shafa lambar.

"Bakwai," ya ce.

"Bakwai ce, Baba."

Sai ya rataye ta da yatsu biyu. Falmata, da ke tsaye bakin ƙofa, ta runtse ido. Zoben ya sauka a kan ƙarfen.

Ƙwas.

Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen ɗansa, idanun da ba sa gani suna kansa, ya yi shiru yana jira. Taufiq ya san wannan shirun. Shi ne dai na zaure, bai tsufa ba ko kaɗan. Kalmomin da ya shirya suna nan a bakinsa, Ingila tana kan harshensa, amma ya ji in ya furta su ba zai ƙara samun wata ranar gyarawa ba.

"Jabu ce, Baba," ya ce. "A waya na saya, ban san mutumin ba. Sai da na iso garin nan na gane."

"Uhm."

"Kuma waccan..." Ya sunkuyar da kai. "Waccan taka, ba ɓarawo ne ya shigo ba. Ni na ɗauka. Na sayar wa mai gwangwan na sayi takalmi. Ka tambaye ni na ce ban gani ba. Ka yafe mini, Baba, don Allah."

Hawaye suka zubo masa, ƙato da shi, uban 'ya'ya huɗu. Falmata ta toshe baki da gefen mayafinta.

Baba Abbagana ya sauke ajiyar zuciya. "Falmata."

"Na'am, Baba."

"Tsohuwar tabarmar nan da ke naɗe a bayan akwatina, wadda na hana ku shimfiɗawa. Jawo ta."

Ta jawo ta da ƙyar, ƙura tana tashi. Ta kwance igiyar, ta warware. A tsakiya, cikin wani tsohon rawani, ga sanda lamba bakwai, robar mariƙinta ta tsattsage, kanta ya dushe amma babu ɗigon tsatsa.

Taufiq ya ƙura mata ido.

"Saleh mai gwangwan, Allah ya jiƙansa," in ji tsohon. "Duk Nguru wa bai san sandar Abbagana ba? Ranar da ka kai masa, kafin magariba ya kawo mini ita har gida. Da na tambaye ka da safe, tana cikin ɗakin nan."

"To Baba, me ya sa ba ka..."

"Sanda ai na samu. Kai nake nema." Ya tsaya ya huta, numfashinsa yana fita da ƙyar. "Na yi maka sallama, ba ka amsa ba. Na ce bari in jira, yaro ne, gobe zai zo. Gobe ta yi ta zama gobe. Ni ma da laifina, da na sake ƙwanƙwasawa. Girman kai ya hana ni. Har na fara tsoron zan tafi ban ji ba."

Ya miƙa hannu, Falmata ta sa masa tsohuwar sandar. Ya rataye ta, ya taɓa ta da zoben. Ƙarar nan ta tashi, siririya, ta zaga ɗakin, ta daɗe kafin ta mutu. Falmata ta fashe da kuka.

Tsohon ya miƙo wa Taufiq sandar. "Na yafe maka duniya da lahira. Ungo, riƙe. Ka riƙa goge ta ranar Juma'a, ba ta son danshi."

Taufiq ya karɓa da hannu biyu. Ya share fuska, ya kai hannu zai ɗauke sabuwar daga kan gadon. "Bari in fitar da wannan, Baba. Ko icen girki ya fi ta amfani."

Tsohon ya riga shi dafe ta. Ya jawo ta jikinsa, ya kwantar da ita a gefen da yake ajiye carbinsa.

"Bar mini kayata," ya ce. "Waccan Bature ne ya ba ni. Wannan ɗana ne ya kawo."

Sannan ya juya wajen ƙofa. "Falmata, kunun nan naki yana nan, ko kin zubar?"