Mudu Biyu na Kulorin

Shekari manomi ne daga Randagi. Da 'yan bindiga suka raba shi da gonarsa, ya samu aikin kula da wurin ninƙaya a wani masauki a Birnin Gwari. Mai masaukin ya miƙa masa buhun garin kulorin ya ce, "Ka riƙa zubawa, shi ke kashe ƙwayoyin cuta." Bai faɗa masa adadi ba, kuma alhakin kula da ruwan yana wuyan Shekari.

Shekari ya ɗauki garin kamar takin zamani. A gona, mai yi wa masara rowar taki shi ke kwana da yunwa, don haka ya watsa mudu biyu. Ruwan ya yi garau.

Da hantsi 'yarsa Loveth ta kawo masa abinci.

"Baba, in shiga ruwan?"

"Shiga mana, 'yar baba. Ni na wanke shi da hannuna."

Ta nutsa ido buɗe har ƙasa, inda garin da bai narke ba ya taru. Ta fito tana ihu. Maimakon ya wanke mata ido da ruwa mai tsabta nan take, sai ya ɗaure mata fuska da ɗankwali, suka hau babur.

A asibiti likita ya ce idon dama zai warke, amma na hagu ya ƙone, da wuya ya sake gani.

"Baba," in ji Loveth, "yaushe za su kwance mini idon?"

Shekari ya dubi hannunsa.