Mikin Baba Maiguwa

Zulaihatu ba ta taɓa karatun likita ba. Abin da ya faru kawai shi ne, ranar da aka kai surukinta Baba Maiguwa gidan likita na Keita, ita ce ke tsaye da kwanon kunu a hannu lokacin da majo, babban malamin jinya, ya ɗaga kai yana neman wanda zai nuna wa aiki.

Ƙaya ce tsohon ya taka a bayan gari wurin kiwon tumaki. Yana da ciwon sukari, ƙafar ba ta jin zafi, sai da ta kumbura ta fara wari aka lura. Mijin Zulaihatu, Mahaman, yana Abijan wurin neman abinci. Ƙanensa Zakariya'u da ya kawo su, ana kwance tsumman ƙafar ya ga abin da ke ciki, ya fita waje ya jingina da bango. Matar tsohon kuwa, Inna Fatsima, yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani.

"Ke, aje kwanon nan ki matso," in ji majo. "Ba za mu riƙe shi nan ba, kuma garinku da nisa. Sahe da marece za a riƙa wanke wanga miki. In aka yi sakaci, ƙafar za mu yanke."

Ita da ko sunan tsohon ba ta iya faɗa, ko wucewa za ta yi ta gabansa sai ta cire takalmi, yau ga ta durƙushe da diddigensa a tafin hannunta. Tsohon ya juya fuska bango. Majo ya nuna mata yadda za ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta tafasa ruwa da ɗan gishiri ta bar shi ya huce, ta goge mikin daga ciki zuwa waje ba tare da ta maimaita auduga ɗaya ba, ta shafa betadin, jan maganin nan, a gefe, ta rufe, ta naɗe da bandeji ba tare da ta matse ba. Ta yi sau ɗaya a gabansa, ya ce hannunta yana da kyau.

Wannan yabon ne ya ɗaure ta.

Suka koma ƙauyensu a kan tudu da ƙaramin akwatin ƙarfe cike da kaya. Aka rataye shi a ɗakinta, nesa da yara da awaki. Tun daga ranar, yininta ya zama tsakanin wanki biyu. Kafin ta sa tukunyar kunu sai ta dafa almakashi. Kafin rana ta faɗi sai ta dawo daga rijiya ko tulunta bai cika ba. Aka yi bikin ɗiyar ƙawarta a Tabotaki, ba ta je ba. Aka yi rasuwa a garin da ke bayan kwari, ta aika da gaisuwa. Kasuwar Keita ma, in audugar miki ta kusa ƙarewa, sai dai ta ba Zakariya'u tsohon kwalinta ya nuna a farmasi, shagon magani. Wata bakwai ba ta kwana ko'ina ba sai ɗakinta.

Mikin kuwa yana ja da baya, amma a hankali, kamar mai jin nauyin tafiya. Daga faɗin tafin hannun yaro ya dawo faɗin bakin finjalin shayi. Tsohon ya saba da ita har yana yi mata hira in tana aiki, yana ba ta labarin shekarun da suka yi suna jera duwatsu a kan tsaunuka don tare ruwa, da itatuwan da suka dasa da hannunsu.

"Kin gani, ɗiyata," ya ce wata rana, "iccen da ni na dasa, shi ne ya sake ni da ƙaya."

Ana cikin haka, wata safiya ƙanwarta Salima ta kira ta daga garinsu, Sabon Gida. Innarsu ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye. An kai ta gidan likita na Madawa, an dawo da ita gida. Magana ba ta fita sosai, amma abin da ake iya ganewa a bakinta sunan Zulaihatu ne.

Ta aje wayar, ta ga ruwan wankin ya huce, ta ɗauka ta tafi rumfar tsohon. Sai da ta gama naɗe ƙafar sannan ta faɗa masa.

"Allah shi ba ta lahiya," ya ce. Ya dubi bandejin. Bai ce ta tafi ba, bai ce ta zauna ba.

Ta shiga neman wanda zai riƙe mata aikin, ta fara da Zakariya'u. Ta same shi yana gyaran amalanke.

"Kwana ukku kawai. In nuna maka yau da gobe, ba wuya gare shi ba."

"Matar yaya, ki sa ni in ɗauko miki dutsi daga Keita a ka, zan yi. Amma wanga abu, wallahi in na gan shi cikina juyawa yake."

"Ni ma ya juya, ranar farko."

"Ke mace ce, kun saba da irin haka."

Ta koma wurin matarsa Bushira, wadda shekararta ɗaya da zuwa gidan. Bushira ta rufe fuska da gyale. Ta ce ita ko ido ba ta taɓa haɗawa da Baba ba, ta yaya za ta kama ƙafarsa? Da Zulaihatu ta matsa mata, ta zo ta tsaya daga nesa da marece tana kallo, amma da aka ce ta sa safar hannu sai ta ce ta bar tuwo a wuta.

Mahaman ya kira daga Abijan. Ya jajanta mata, ya ce ai uwa ba wasa ba ce, dole ta je. Sannan ya ce, "To amma Baba hwa? Ki ɗan jinkirta mikin ya rufe mana."

"Yaushe zai rufe?"

Ya ce layin ba ya da kyau.

Kwana tara tana wannan zagaye. Kullum Salima na kira, kullum tana cewa gobe. In ta fito tsakar gida ta dubi hanyar da ta gangara kwari, sai ta ji kamar an ɗaura mata igiya a ƙugu, an kafa turken a rumfar tsohon. Wani lokaci tana goge mikin sai ta ji haushinsa, shi mikin, kamar wani mutum ne da ya zo baƙunci ya ƙi tafiya. Daga baya ta yi istigfari.

A rana ta goma Inna Fatsima ta kira ta ɗaki.

"Tahi ki ga uwarki. Shekara arba'in ina jinyar mutumin nan tun ba a haihe ki ba. Kwana ukku ba za su gagare ni ba."

Zulaihatu ta san idon tsohuwar, amma ba ta da wani. Ta yayyanka auduga ta jera kashi shida, kowane a ledarsa. Ta kama hannun Inna Fatsima ta bi da shi kan aikin sau biyu. Ta roƙi Bushira ta riƙa tafasa ruwan ko da ba za ta taɓa ba. Washegari ta hau motar kasuwa zuwa Buza, daga nan ta sami wata zuwa Madawa, ta isa Sabon Gida bayan la'asar.

Innarta ta rame. Da ta gan ta, gefen bakinta mai motsi ya ɗaga, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Zulaihatu ta zauna ta riƙe hannun mai lafiya har aka kira magariba. Da ta zo canza mata zane, sai ta ga fatar ƙugunta da ta diddige sun yi ja, wani wuri har ya fara salewa saboda kwanciya.

"Tun yaushe ba a juya ta ba?"

"Muna tsoron kar mu ji mata ciwo," in ji Salima.

Da safe ta aika aka sayo sabulu da man shafawa da auduga. Ta nuna wa Salima yadda za ta wanke wurin, ta busar, ta juya ta daga wannan gefe zuwa wancan, ta sa tsumma mai laushi a tsakanin gwiwoyi. Salima ta koya a zama ɗaya, ba ta ce cikinta na juyawa ba. Zulaihatu tana kallonta tana tunanin mutanen gidan mijinta.

Kwana biyu ta yi. A safiya ta uku Bushira ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa kamar mai ɓuya a bayan rumbu. Ta ce Inna Fatsima ta ga mikin ya ƙi rufewa wata bakwai da maganin likita, ta karɓo garin sassaƙe wurin wata tsohuwa ta cika shi da shi, ta ɗaure tam da zare. Yanzu ƙafar ta kumbura har idon sawu, Baba yana zazzaɓi, babban yatsan ya yi baƙi.

"Kuma kina kallo?"

"Yaya, mi zan ce mata? Uwar mijina ce."

Zulaihatu ta shiga ɗaki ta durƙusa gaban innarta. Ta faɗa mata gaskiya. Tsohuwar ta ƙara riƙe mata hannu, da ƙarfin da ba ta zaci yana nan ba. Sai da Salima ta zo ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya.

A Keita ta same su. An riga an cire yatsan da na kusa da shi. Majo bai yi mata faɗa ba, ya dai tambaye ta ina ta je, ta faɗa masa, ya girgiza kai. Inna Fatsima na zaune a ƙasa a bakin ƙofa, ta ja zane ta rufe kai, ba ta amsa sallamarta da ƙarfi ba. Zulaihatu ta so ta ji haushinta, ta kasa. Tsohuwar ce kaɗai a gidan da ta ce mata tafi.

Bayan mako guda aka sallame su da miki biyu maimakon ɗaya, da sabon umarni: wata huɗu aƙalla, kuma kada ƙafar ta taɓa ƙasa.

Washegarin komawarsu gida da safe, ta kawo ruwa da akwati rumfa, sai tsohon ya janye ƙafarsa.

"Kira mini Zakariya'u."

Ya zo ya tsaya a bakin rumfa.

"Zamna nan," in ji tsohon. "Ɗiyar mutane ta bar uwarta kwance saboda ƙafata, ni kuwa na haihi maza biyu. Wanke hannunka."

Zakariya'u ya wanke. Da aka buɗe bandejin ya kau da kai, ya tashi ya je bayan zana ya yi amai, ya dawo yana share baki. Tsohon ya ce ya sake wanke hannu. Ya goge mikin daga waje zuwa ciki, Zulaihatu ta ce ba haka ba. Ya naɗe bandejin ya matse, ta kwance ta sake. Aikin da take gamawa kafin kunu ya huce, ranar sai da rana ta ɗaga.

Da ya tafi, tsohon ya ce, "In ya iya, ki koma ki yi wata guda."

Ta ce to. Amma ta ga yadda aikin ya ba Zakariya'u wuya, kuma hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da ruwan farko ya sauka za a fita shuka, ba wanda zai zauna gida, kwarin ma in ya cika mota ba ta ƙetarewa.

Da marece Salima ta kira, ta ce jan da ke ƙugun Innarsu ya fara bushewa, ta kuma sha kunu rabin kofi. Sannan ta kara wayar a bakin tsohuwar. Zulaihatu ta saurari numfashinta da wata kalma da ba ta fita ba.

"Ina nan tahe, Inna," ta ce.

Salima ta karɓi wayar. "Yaushe za mu ce mata?"

"Ki dai ci gaba da juya ta," in ji Zulaihatu. "Kar ki bari ta wuce awa biyu a gehe guda."