Azarar Ɗakin Ishen

Injin faskare biyu ne a ƙauyen, kuma Anarkul ta san halin kowanne. Na Jumash a bayan tarakta yake, in ya tashi har karnukan tsallaken kogi sai sun amsa. Na Sabirbek kuwa, ƙanen mijinta, na lantarki ne, shi ya harhaɗa abinsa da injin wani tsohon famfon ban ruwa da ƙarafan gado. Bai kai na Jumash ƙarfi ba, gurnani kawai yake ƙasa-ƙasa. Shi ta zaɓa, don ba ta so mai gidanta ya ji.

Sati uku ke nan mijin nata Kalibek yana kwance, ƙirji ya riƙe. Likitar da ta zo daga garin Karakol ta ce kada ɗakin nan ya yi sanyi ko na awa guda, ta ɗauki jakarta ta tafi. Faɗa da baki ai ba wuya. Ruwan kaka ya jiƙa busasshen kashin tumakin da suka tara don hura wuta, motar kwal ba ta hawo ba tun da ruwa ya ci gada, ƙanƙara kuma ta riga ta sauko rabin dutse. Itacen da ya rage a gidan kaf shi ne azarar Ishen.

Shekarar da aka haifi ɗansu Ishen, Kalibek ya dasa bishiyar terek ashirin a bakin hanyar ruwa, yadda kowane uba yake yi, don yaro da katakon rufin ɗakinsa su girma tare. Shekara goma sha ɗaya ke nan da uba da ɗa suka sare su, suka ɓare ɓawon, suka jera a rumfa, suka zuba harsashin gida a ƙarshen lambu. Ishen ya tafi can ƙuryar Rasha kamun kifi, don ya samo kuɗin kwanon rufi da tagogi. Shekara biyu yana kira, daga nan shiru. Babu gawa, babu takarda, babu wanda ya ce ya gan shi. A ƙauyen kowa ya san muddin azara tana da tsawonta, ana jiran mai ita, ranar da aka yanka ta guntu-guntu kuwa an haƙura da shi. Shi ya sa kowace bazara Kalibek yake juya su ɗaya bayan ɗaya don kada su lanƙwashe.

Da hantsi Sabirbek ya iso da injin a keken doki, da maƙwabta biyu, Jumash da Toktor. Ya tsaya a bakin rumfa yana murza hularsa.

"Jenge," ya ce, haka suke kiran matar wa, "kin tabbata? In Yaya ya tashi, fatata zai feɗe."

"In tsoro kake, ba ni zarton, kai ka shiga ka kwaɓa min fulawa, Auta." Shekara arba'in da aurenta ba ta taɓa kiran sunansa ba, ga furfura har gemu amma Auta yake. "Ya tashi tukuna, sai ya feɗe mu duka."

Sai rigimar inda za a ajiye injin. Injin nan ba ya zama sai a daɓe mai ƙarfi, in ya ɗan karkata sai ya yi ta rawa yana wurgi da itace. Tsakar gida tana ƙarƙashin tagar Kalibek. Suka dudduba, babu wanda ya so ya fara ambatar wurin, har Toktor ya nuna ƙarshen lambu da haɓa. Simintin gidan Ishen ne kaɗai shimfiɗaɗɗen wuri.

Keken doki ba ya shiga lambu, dole a ɗauka da hannu. Abin kusurwa huɗu ne da shi, su kuma su uku. Anarkul ta sha ganin yadda ake kai shi gida-gida, ƙafar da ba ta da mai riƙo takan ja ƙasa ta bar layi. Ta bi su da naɗin waya a kafaɗa, suna nishi, Jumash yana zagin wanda ya ƙera.

Harsashin bai wuce tsayin taƙi ɗaya ba, ko ɗan rago zai tsallake. Amma babu wanda ya tsallaka. Da wannan uban nauyi suka zagaya har gibin da aka bari don ƙofa, suka yi bisimilla, suka shiga da ƙafar dama. Ba wanda ya ce su yi. Da suka dire shi ta waiga ta dubi hanyar da suka biyo cikin laka. Sawun takalma ne kawai, babu layi ko ɗaya.

"Yau kuwa bai yi nauyi ba," in ji Toktor.

"Rufe mana baki," in ji Sabirbek, bai dubi kowa ba.

Zarton inji yana da ƙara, don haka da na hannu suka yanka, mutum biyu suna ja. A gindin kowace azara akwai rubutu da jan fenti, hannun Ishen, mai karkacewa hagu: ƙofa, falo, ɗakin girki. Ta manta da rubutun nan, ko kuma ta sa kanta ta manta. Wadda suka fara jawowa an rubuta mata "ɗakin Inna". Jumash ya gani, ya yi sauri ya juya gindin wajen katanga. Amma ta riga ta karanta.

Sabirbek ya tuɓe safar hannu ya naɗe hannun riga duk da sanyin. Bakin injin wani ƙarfe ne mai tsini da murɗi, yana juyawa, in ya kama zare ɗaya sai ya tafi da hannun gaba ɗaya. Ya tsayar da gungume a tsaye, ya tura. Ƙarfen ya nutse a ciki, itacen ya yi wata 'yar ƙara siririya kafin ya dare biyu.

Anarkul ta ji an fasa itace sau dubu a rayuwarta. Wannan ƙarar kuwa irin ta yaro ce da ya farka bai ga kowa a ɗaki ba. Ta ce wa ranta busasshen terek ne, haka yake yi. Duk da haka kowane gungume sai ta riƙe numfashi, kuma duk lokacin da ta sunkuya kwasa sai ta ji kamar akwai mutum tsaye a gibin ƙofar, yana jira ta miƙo masa. Sau biyu tana waigawa. Karensu ya zo har bakin harsashi, ya zauna yana kaɗa wutsiya, ba su yake kallo ba.

Kafin la'asar azara goma sha tara sun zama tsibin itace. Sabirbek ya dafa ta ƙarshe.

"Jenge, a bar wannan mana."

"Ɗaya rufin me za ta yi? Yanka."

Ta cika murhun ƙarfe ta hura. Ɗakin ya ɗau ɗumi irin wanda bai yi ba tun farkon sanyi. Kalibek yana kwance fuskarsa a bango, ta ɗauka barci yake. Ta shirya ƙaryarta tsaf: rassan tuffa ne daga gidan Auta.

"Tsohuwa," ya ce, bai juyo ba.

"Na'am."

"Tuffa ba ta ci da sauri haka. Kwal ba ya wannan ƙamshi." Tari ya sarƙe shi, ta jira. "Da hannuna na dasa su. Kina tsammani ba zan gane muryarsu ba?"

Ta tsaya da guntun itace a hannu tana jiran faɗa, har tana fatan ya zo, don faɗa ya fi sauƙin ɗauka.

"Nawa kuka bari?"

"Babu."

Wutar tana ta ci.

"Yau wace rana?"

"Laraba."

Kowace Alhamis takan soya borsok, ƙananan yankan kwaɓin fulawa, don ƙamshin man ya isa ga waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, shi kuma ya karanta musu Alƙur'ani yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, daga kakanni har zuwa wansa da ya rasu. Nan jerin yake tsayawa.

Kalibek ya juyo a hankali. Hawaye ya bi ta gefen idonsa ya shiga kunne.

"Gobe ki ƙara fulawa," ya ce. "Yaron nan shekara tara ba mu ba shi komai ba."