Farfelar Yaya

Shekara bakwai Makanike ya yi yana ƙera jirgin sama a bayan garejinsa, ɗan ƙarami mai kujera ɗaya, kuma in ka ji yana ba da labari sai ka rantse shi kaɗai ya yi komai. Alhali farfelar da ke hancin jirgin aikin yayansa ce, kafinta. Wata huɗu Yaya ya yi yana manna katako falle-falle, yana sassaƙa, yana gogewa, yana ɗora ta kan ƙusa don ya ga ko wani ɓari ya rinjayi wani. Sati biyu da gama ta, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi. Hannun dama ya mutu, harshe ya yi nauyi. Kowa a gidan ya san ba zai sake riƙe zarto ba, kuma farfelar nan ce aikinsa na ƙarshe.

Injin kuwa na ƙaramar mota ne. Yana juyawa sau dubu biyar a minti ɗaya, ita farfela ba ta jure ko rabin haka, don haka dole a sa wani abu tsakaninsu ya rage gudun. Ko dai bel, ko giyabos. Tun Yaya na da lafiya suka yi wannan musu.

"A kan bel na sassaƙa ta, Auta," in ji Yaya. Makanike mutum ne mai furfura, amma har yau Auta yake ce masa.

Makanike ya ce to, irin to ɗin da ba ta wuce leɓe. A ransa bel raini ne. Jirgin sama da bel, sai ka ce injin markaɗe? Yaya na kwanciya asibiti ya samo giyabos mai haƙoran ƙarfe, ya shafe wata takwas yana yanka yana walda har ya zaunar da shi daram. Bai faɗa wa kowa ba, don a ganinsa kafinta ba shi da ta cewa a harkar ƙarfe.

Ranar gwaji, da hantsi, ya ɗaure jelar jirgin da igiya a jikin bishiyar da ke bayan fili, ya tokare gaban tayoyin da duwatsu. Sannan ya ɗauko kujera ya ajiye a gindin bishiyar, suka kamo Yaya shi da matar Yayan suka zaunar da shi.

"Auta, nan bai yi kusa ba kuwa?" in ji ta.

"Haba matar Yaya, jirgi ai gaba yake yi. So nake ya ji iskar farfelarsa a fuska."

Ya shiga, ya tayar. Injin ya kama da ƙara mai daɗi, ba gargada ko kaɗan. Farin ciki ya cika shi har wuya. Ya tura totur.

Abin da ya fara gani shi ne takardun da ke kan bencin gareji, can a gabansa, sun tashi sama. Ya yi mamaki. Kafin ya gama mamakin ya ga garejin yana nisa da shi. Jirgin baya yake yi.

Matar Yaya ta ƙwalla ihu. Hannun Makanike ya kasa gano makunnin da shi da kansa ya dasa. Ya laluba, ya laluba, ya kashe, amma tayoyin ba su tsaya ba, don ba ko tsakuwa a bayansu. Sai ji ya yi ƙau, jelar ta daki bishiya.

Ya diro. Jelar ta lanƙwashe, bakin ƙarfenta ya tsaya bai fi taƙi ɗaya daga kafaɗar Yaya ba. Tsohon na zaune yadda aka ajiye shi, domin ko ya so gudu ba shi da ƙafar yi. Matarsa ta rungume kansa tana ta salati.

Makanike ya koma gaban jirgin kamar wanda aka mara. Ya cire murfi, ya juya injin da sifana a hankali, yana kallon farfela. Injin ya yi dama, ita ta yi hagu. Haƙori biyu in suka ciji juna, dole ɗaya ya juya saɓanin ɗaya. Bel kuwa inda injin ya nufa nan yake kai ta. Abin da ko a mafarki zai iya karantawa ke nan, amma shekara talatin yana ɗaura giyabos a mota, ba ranar da ya tambayi kansa ina abu ke juyawa.

"To a kwance farfelar a kifa ta mana," in ji matar Yaya.

"Ba zai yi ba. Kamar noti ce, ko kin kifa shi zarensa bai canza ba."

Ya tsaya yana lissafi, don hali ba ya barin mutum ko a irin wannan rana. Farfelar ƙarfe mai juyin hagu ana samu a saya, sati uku ta iso, giyabos ya zauna inda yake. Ta katakon sai a rataye ta a bango.

Nan Yaya ya motsa baki. Sai da Makanike ya durƙusa dab da shi kafin ya ji. Ya zaci zagi ne, kuma da ya fi masa sauƙi.

"Auta," in ji tsohon, kalma na fita da ƙyar. "Ina ta jira. Iskar ba ta zo ba."

Makanike ya daɗe a durƙushe, hawaye na sauka kan rigar aikinsa. Da ya miƙe, farfelar ya fara kwancewa. Ya goge ta da gefen rigarsa, ya kawo ya ɗora a cinyar Yaya, ya ɗauki hannun nan da ya mutu ya aza a kanta.

"Riƙe mini, Yaya."

Sannan ya koma ya sa sifana a notin farko na giyabos.