Ɗacin Kunun Hajjo

Wanda ya yaudare ka don ka tsira, godiya za ka yi masa ko fushi? Uwaisu ɗan dako ya juya tambayar nan har tsufansa, bai sami amsarta ba.

A kakar gyaɗa ta 1956, wata lori ta kife a gangaren Jibiya, dab da shingen iyakar ƙasar da Faransi ke mulka. Uwaisu da abokin aikinsa Ummaru suna zaune bisa buhuna, dukansu biyu suka bugu a ka. Kwana uku Uwaisu bai san inda yake ba. Ranar da aka sallame su daga asibiti, malamin magani ya miƙa wa kowa gwangwanin ƙwayoyi farare.

"Ɗaya kullum. Kan da ya fashe yakan jawo farfaɗiya. Wannan tare ta zai yi tun ba ta zo ba."

Kalmar ce ta tsaya wa Uwaisu a rai. A unguwarsu maza ciyayya suke yi a ƙofar gida, kowa ya fito da akushinsa a ci tare. Wanda aka ce yana da farfaɗiya kuwa, ware masa kwano ake yi, wai ana ɗauka ta yawu. In an gan shi da maganinta, wa zai yarda ba ya da ita?

"Lafiyata lau, mi zan sha?" ya ce wa Ummaru a hanya. "Zubas da naka."

Ummaru ya zubar. Uwaisu ya jefa nasa bayan randa.

Wata biyu ko ciwon kai bai yi ba. Abin da ya dame shi kawai kunun safe, kullum da ɗaci.

"Ke, wanga kunu da maɗaci kike dama shi?"

"Tsamiyar bana ce, Maigida," in ji matarsa Hajjo. "In ba ka so, akuya na so."

Ranar wata Lahadi, Ummaru ya yanke jiki ya faɗi tsakiyar kasuwa da buhu a kansa, yana shure-shure, bakinsa na kumfa. Mutane suka dare. Daga ranar aka ware masa kwano.

Uwaisu ya koma gida ya ba Hajjo labari. "Allah Ya tsare ni, ko ƙwaya ɗaya ban sha ba."

Hajjo ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin, ta girgiza. Saura huɗu.

"Allah ne Ya tsare ka. Amma kullum sai na daka ɗaya na zuba maka a kunu. Na tambaya a asibiti, an ce ba a ba da wani sai mai ciwon ya je da ƙafarsa. Ka yi faɗan yanzu in za ka yi, gobe ka tafi."

Ya karɓi gwangwanin. Wata biyu tana yi masa ƙarya ido da ido. Shi kuwa abin da ya ɗauka gaskiya ne ya gaya wa Ummaru, ga inda ta kai shi.

"Sannu," ya ce. Can kuma ya ƙara cewa, "Allah Ya saka miki."

Washegari ya ja Ummaru suka tafi asibiti. Ya tambayi malamin ko ƙwayar ce ta tsare shi.

"Ba mai iya rantse maka. Wani ko bai sha ba, ba ta zuwa. Kai dai ka sha."

Bayan magariba aka fito da akusa. Ummaru na gefe shi kaɗai. Uwaisu ya ajiye gwangwaninsa a tsakiyar tabarma.

"Na mene ne wannan?" wani dattijo ya tambaya.

"Na farfaɗiya, Baba. Wata biyu ina sha, muna cin tuwo tare."

Hannaye suka tsaya a bakin akushi. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya, ya yi bisimilla, ya kora da ruwa.